Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Shugabannin Manyan Makarantun Kaduna Kan Karatun 'Yan Gidan Yari

Zuwa ga shugabannin Jami'ar Jihar Kaduna, Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, Kwalejin Nuhu Bamalli, Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya, da Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Rigachikun.

Ranku ya daɗe, malamaina. Bayan gaisuwa da fatan alheri, roƙo ne ya sa na ɗauki alƙalami, kuma ba zan yi ta kewaye-kewaye ba. Ina roƙon kowace makaranta a cikinku ta ɗauki gidan gyaran hali guda ɗaya a jihar nan, ta kai masa karatun da ke ƙarewa da takardar shaida ta gaske, irin wadda kuke ba kowane ɗalibi, sannan ta yi alkawarin cewa wanda ya fara a ciki zai samu kujerarsa a waje ranar da aka sake shi.

Ni malamin lissafi ne da ya yi ritaya daga makarantar sakandare. Bayan na ajiye aiki, wata ƙungiyar sa-kai ta unguwarmu ta nemi in riƙa shiga ɗaya daga cikin gidajen yarin jihar nan ina taimaka wa masu shirin jarrabawar NECO. Abin da zan faɗa muku daga can na samo shi, da kuma ɗan abin da na karanta.

Doka ba ta hana ku ba. Dokar Hukumar Gyaran Hali ta 2019, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar gidajen yari, ta ɗora wa hukumar nauyin samar wa ɗaurarru damar karatu da koyon sana'a da noman zamani. A 2023 kuma aka yi wa tsarin mulki gyara, harkar gidajen gyaran hali ta fita daga jerin abubuwan da Tarayya kaɗai ke da iko a kansu, ta koma cikin waɗanda jihohi ma ke da hannu. Saboda haka zancen "ai wannan na Abuja ne" ya rage ƙarfi. Dama can galibin mutanen da ke tsare a gidajen nan kotunan jiha ne suka tura su, a kan laifukan da dokokin jiha suka tanada. Ƙa'idojin Majalisar Ɗinkin Duniya na kula da ɗaurarru, waɗanda aka sabunta a 2015 aka sa musu sunan Nelson Mandela, sun ce a haɗa karatun gidan yari da tsarin ilimin ƙasa gwargwadon iko, don wanda aka saka ya ci gaba ba tare da wahala ba. Tsarin ilimin ƙasa a Kaduna kuwa, ai ku ne.

Dole in yaba wa wadda ta riga ku. Jami'ar Karatu Daga Gida ta Ƙasa, wato NOUN, ta buɗe cibiyoyi a cikin gidajen yari, tun daga Kirikiri a Legas, da Enugu, da Fatakwal, da Kuje, har da nan Kaduna. A zamanin shugabancin Farfesa Abdalla Uba Adamu jami'ar ta yafe wa ɗaurarru kuɗin makaranta baki ɗaya. A 2018 hukumar UNESCO ta ba hukumar gidajen yarin Najeriya lambar yabo ta Confucius kan yaƙi da jahilci saboda wannan shiri. Mutane sun yi digiri a cikin kurkuku a ƙasar nan, wasu har sun wuce zuwa na biyu. Ba wanda zai sake cewa abin ba ya yiwuwa a Najeriya.

Sai dai ku duba su wa ke iya shiga wannan ƙofa. Kafin a ɗauki mutum digiri sai yana da kiredit biyar, ciki har da Turanci da lissafi. Yaran da nake gani a aji, yawancinsu daga aji uku na ƙaramar sakandare suka fice, wasu ko firamare ba su gama ba. Akwai wanda ya sauke Alƙur'ani, yana rubuta ajami da kyau, amma bai taɓa riƙe littafin boko ba. Akwai wanda ya yi shekaru yana gyaran babur, ya san injin ciki da waje, amma ba ya iya karanta takardar tuhumar da aka kawo shi da ita. Wanda ya kai ga digiri ɗaya ne a cikin tarin jama'a. Sauran suna tsakiya: sun wuce yaƙi da jahilci, ba su kai jami'a ba. Wannan tsakiyar ita ce fagenku, domin ku ne masu karatun share fage, da difloma, da takardar shaidar malanta ta NCE, da gajerun kwasa-kwasan watanni.

Bari in kai ku ajin, ko da a takarda ne.

Ɗaki ne da aka shafa wa bango ɗaya baƙin fenti ya zama allo. Ba a fara karatu sai an buɗe ɗakuna an gama ƙidayar safe, kuma idan lissafin gandurobobi bai cika ba, kowa zai jira. Littafin lissafi ɗaya ne ke yawo tsakanin benci uku, bangonsa ya fita, an ɗinke shi da zaren buhu. Takarda tana da tsada a wurin, shi ya sa suke rubutu ƙanana-ƙanana, su cika gefe da gefe, har bayan bango. Akwai wani saurayi, ɗan wata unguwa a cikin garin nan, da aka kawo kan ƙwacen waya. A makonnin farko yana zama ne a ƙarshen benci, hannu a naɗe, ba ya cewa uffan. Ran nan na rubuta tambaya kan riba da uwar kuɗi, na ce wa zai gwada. Ya ɗaga kai ya faɗi amsar da ka, daidai. Na ce ya zo ya nuna yadda ya yi. Ya ce, "Malam, ban iya rubuta shi ba, amma haka muke yi a kasuwa." Na ba shi alli, na riƙa faɗa masa alamomin yana sawa. Da ya ga abin da ke kansa ya fito a allo layi-layi, sai ya tsaya yana kallo, ya juyo ya ce, "Ashe wannan ne lissafin da ake ta tsoro?" Daga ranar ya koma bencin gaba. Abokan ɗakinsa sun gaya mini da dare yakan tashe su da tambayoyi.

Wannan yaron bai zauna jarrabawar ba. Cikin watan azumi wani bawan Allah ya biya wa wasu kuɗin tara, har da shi, aka sake shi. Alheri ne aka yi masa, kuma na yi masa murna. Amma karatun ya tsaya a bakin ƙofa. A waje ba makarantar da ta san da shi, ba takardar da ke nuna inda ya kai, ba wanda zai ce masa "zo ranar Litinin." Na haɗu da shi bayan wani lokaci a bakin titi yana jiran a kira shi dako. Ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce, "Baba, har yanzu ina da littafin nan nawa." Abin ya tsaya mini a rai ƙwarai, kuma shi ne dalilin da ya sa rabi na biyu na roƙona ya fi na farko nauyi a wurina.

Yanzu ga abin da nake ganin kowannenku zai iya, kuma ba na neman a gina sabon tsangaya ko a sayi motoci.

Cibiyar Malamai ta Ƙasa tun 1976 take garin nan, kuma sana'arta ke nan: koyar da mutum daga nesa da littattafan da aka rubuta don ya karanta shi kaɗai, malami ya riƙa zuwa ƙarshen mako. Tsarin da aka yi don malamin ƙauyen da ba zai iya barin ajinsa ba, shi ne daidai da mutumin da ba zai iya barin ɗakinsa ba. A kowane gidan yari akwai masu ilimi a cikin ɗaurarru, tsohon akawu, tsohon ma'aikacin asibiti, ɗalibin jami'ar da ƙaddara ta faɗa wa. Su ne ma suke riƙe da azuzuwan a ranakun da mu 'yan sa-kai ba mu zo ba. A horar da su dabarun koyarwa, a ba su shaida. Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu: bayan yaƙin Badar, fursunonin da suka iya rubutu kuma ba su da abin fansa, an yarda kowanne ya koya wa yara goma na Madina rubutu ya fanshi kansa. Tun a lokacin an gane cewa ilimin da ke kan wanda aka tsare dukiya ce da jama'a za su amfana da ita.

Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna da ta Nuhu Bamalli, ku kuka fi kowa kusa da wannan aiki. A gidajen yari akwai wuraren koyon kafinta da ɗinki da walda da saƙa. Mutum zai yi shekara huɗu yana haɗa kujeru, ya ƙware, ya fito hannu wofi ba takarda, ba mai ɗaukarsa a kamfani, ba bankin da zai saurare shi. Hukumar Kula da Ilimin Fasaha ta Ƙasa tana da ofis a nan Kaduna, kuma ita ke kula da tsarin ba masu sana'ar hannu takardar shaidar ƙwarewa mataki-mataki. An riga an nuna a kasuwar Panteka cewa kwaleji na iya sauka ta sami masu sana'a a inda suke. Idan an iya zuwa Panteka, me zai hana a je bayan katanga? A gwada masu aikin nan, a ba wanda ya cancanta shaida, wanda kuma ya haɗa kiredit ɗinsa a buɗe masa hanyar difloma a wutar lantarki, ko haɗa sola, ko gini, ko lissafin kuɗi.

Jami'ar Ahmadu Bello tana da cibiyar karatu daga nesa, kuma gidan yarin Zariya na nan cikin garin da take tun 1962. Jami'ar Jihar Kaduna tana da reshe a Kafanchan, Kwalejin Gidan Waya ma tana yankin, akwai kuma gidan gyaran hali a Kafanchan. Ɗalibanku na fannin ilimi duk shekara kuna neman makarantun da za ku tura su koyon koyarwa. Na fannin shari'a da na nazarin zamantakewa suna rubuta kundi kan cunkoson gidajen yari, da yawansu ba su taɓa shiga ko ɗaya ba. Ku tura manya daga cikinsu, waɗanda suka yarda da kansu, tare da malami mai sa ido. A Barnawa akwai gidan horar da kangararrun yara, ɗaya daga cikin 'yan ƙalilan irinsa a ƙasar nan, ga kuma kwalejin horar da manyan jami'an hukumar a unguwar. Wato masu tsaron ma a garin nan ake koyar da su. Da wuya a sami jihar da kayan aikin suka taru wuri guda kamar tamu, mu da muke rubuta "Cibiyar Ilimi" a jikin lambar motocinmu.

Abu biyu ne nake so ku riƙe a zuci lokacin tsarawa. Kusan kashi biyu cikin uku na waɗanda ke tsare a ƙasar nan masu jiran shari'a ne, kotu ba ta ce sun yi laifi ba. Irin waɗannan ba su san ranar fitarsu ba. Yana iya zama gobe, yana iya zama bayan shekara biyar. Kwas ɗin shekara huɗu bai dace da su ba. A yanka karatun gunduwa-gunduwa, wata uku-uku, kowace gunduwa da sakamakonta a rubuce a rajistar makaranta, ta yadda ko an sake mutum, ko an mayar da shi wani gidan, abin da ya tara ba zai zube ba. Na biyu, mata. Da yake ba su da yawa kuma sashensu daban yake, shiri yakan zo ya wuce ba a tuna da su ba, sai dai a kai musu keken ɗinki da sabulu. A cikinsu akwai waɗanda aure ya cire daga makaranta suna da ƙwaƙwalwa. A sa malamai mata cikin shirin tun ranar farko.

Na san abin da za a ce, domin an faɗa mini a majalisa, an faɗa mini a masallaci. Wani maƙwabcina, mutumin kirki, ya ce: "Malam, ni ɗana bai taɓa satar ko allura ba, yana gida zaune na kasa biya masa kuɗin rajista. Sai a ɗauki wanda ya sare mutum a ba shi digiri kyauta?" Ban raina maganarsa ba, ku ma kada ku raina. A jihar da aka sace ɗalibai daga makarantunsu, aka tare jirgin ƙasa, aka tashi ƙauyuka, mutane suna da haƙƙin jin zafi. Wanda aka kashe wa ɗa ba lacca yake buƙata daga wurina ba.

Amsar da na ba shi ita ce zan ba ku. Ɗansa ya cancanci karatu, kuma dole a ci gaba da matsa wa gwamnati lamba a kan haka; rage kuɗin makarantun jiha da aka yi a 2023 da asusun ba ɗalibai rance na Tarayya somin-taɓi ne, ba su isa ba. Amma hana na ciki ba zai ƙara wa na waje ko sisi ba. Kuma mafi yawan waɗanda ke ciki za su fito. Ba Legas za a kai su ba, Rigasa za su dawo, da Tudun Wada, da Kawo, da Sabon Tasha, layin da ɗan nasa ke bi da waya a aljihu. Kuɗin ciyar da su da tsaronsu muna biya ko sun yi karatu ko ba su yi ba. Abin da ya rage mana mu zaɓa shi ne me zai cika musu waɗannan shekarun: darasin malami, ko darasin babban ɗan daban da ke kwana kusa da su. Hausawa sun ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, kuma yaran nan da 'yan sara-suka suka ja, 'ya'yan maƙwabtanmu ne, wasu ma mu muka koyar da su a aji ɗaya kafin su ɓace mana.

Wasu ƙasashen sun gwada hanyoyin biyu. A 1994 Amurka ta cire ɗaurarru daga tallafin karatun jami'a na gwamnatin tarayya, da hujja irin ta maƙwabcina, shirye-shiryen kwaleji a gidajen yarinta suka durƙushe kusan gaba ɗaya. A 2013 cibiyar bincike ta RAND ta tattara nazarce-nazarcen shekaru, ta gano cewa yiwuwar komawa kurkuku ga waɗanda suka yi karatu a tsare ya yi ƙasa da kashi 43 cikin ɗari idan aka kwatanta da waɗanda ba su yi ba, kuma kowace dala ɗaya da aka kashe kan karatun tana rage dala huɗu zuwa biyar na kuɗin sake tsarewa. A watan Yulin 2023 aka dawo da tallafin. Kusan shekara talatin suka yi kafin su gyara. Brazil kuwa tun 2011 dokarta ke rage wa ɗaurarre kwana ɗaya a kan kowace awa goma sha biyu ta karatu. A nan Afirka, a Uganda da Kenya, ɗaurarru da gandurobobinsu sun zauna aji ɗaya sun yi digirin shari'a na Jami'ar Landan. Mandela kansa yana tsare ya kammala digirinsa na shari'a. Alƙaluman Amurka ba namu ba ne, na yarda. To ku ne masu bincike. Ku fara shirin, ku bi sawun ɗaliban shekara uku bayan fitarsu, ku ba mu namu alƙaluman.

Wannan batu na gandurobobi kada a wuce shi da sauri. Jami'in da ke buɗe ƙofar aji yana iya zama mai takardar sakandare kawai, albashinsa ba ya kai shi ƙarshen wata, yana kallo ana ba wanda yake tsaro abin da shi bai samu ba. Ɗan Adam ne, dole ransa ya sosu. Idan kuka ware wa ma'aikatan gurabe a cikin shirin da ragin kuɗi, kun sami abokan aiki a ciki, ƙofar aji za ta riƙa buɗewa da wuri.

Maganar tsaro ma tana da amsa. Ba a barin waya da intanet sakaka a gidan yari, kuma daidai ne. Amma ana iya zuba littattafai da laccocin bidiyo a kwamfuta ɗaya da ba ta haɗe da waje, sauran kwamfutocin su ɗauka daga gare ta a cikin ɗaki guda da jami'i ke riƙe da makullinsa. Faifan sola kaɗan da batir sun isa su riƙe ɗakin. Ɗalibanku na injiniya za su iya haɗa wannan a matsayin aikin kammala karatunsu. Jarrabawa kuwa a yi ta da tsauri irin na ko'ina, da masu sa ido daga makaranta. Kada a sassauta musu maki don tausayi, domin takardar da aka san ta tausayi ce ba ta da daraja a kasuwa. Kuma kada a rubuta a jikinta inda aka yi karatun. Sunan makaranta da sunan kwas sun wadatar.

Akwai abin da ya fi ƙarfinku, wanda sai Mai Girma Gwamna da Majalisar Dokokin jiha, kuma ina roƙon ku kai musu da bakinku, don maganarku ta fi tawa isa. Hukumar ba da tallafin karatu ta jiha ta ware wani ɗan kaso don kuɗin rajistar NECO da WAEC da NABTEB na ɗaurarru, domin a nan ne da yawa ke tsayawa. Kwamitin da ke ba Gwamna shawara kan afuwa ya riƙa duba sakamakon karatu a cikin abin da yake aunawa. Sannan a sake duba tambayar nan da ke jikin takardun neman aiki, ko an taɓa ɗaure ka, a bambanta laifi da laifi, a sa wa'adi. Ba na cewa a ba wanda ya ci amanar yara aikin koyarwa, ko wanda ya saci kuɗin jama'a riƙon baitulmali. Amma wanda ya yi faɗa yana ɗan shekara goma sha tara, ya yi zamansa, ya fito da difloma, bai kamata tambaya ɗaya ta rufe masa kowace ƙofa har ya mutu ba.

Abin da nake nema kafin a buɗe zangon karatu mai zuwa kaɗan ne. Kowannenku ya naɗa malami ɗaya, mai son abin da zuciyarsa, ya rubuta wa Kwanturolan Hukumar Gyaran Hali na jihar Kaduna takardar neman izinin ziyara. Ya je da magatakardar makaranta, su zauna da jami'in walwala, su nemi jerin waɗanda suka yi sakandare da waɗanda suke da kiredit. Su shiga ajin su yi wa ɗaliban gwaji na awa ɗaya a Turanci da lissafi, su dawo da takardun gaban majalisar malamai ta makarantarku. Mu 'yan sa-kai muna nan, za mu raka su, kuma za mu ci gaba da riƙe ajin share fage har ku iso.

Allah ya taimake ku a kan amanar da ke wuyanku.

Naku,
Tsohon malamin lissafi,
Tudun Wada, Kaduna.